Kafin Ka Sayi Oba-oba, Wa Za Ka Kira?



Kwanakin baya wani ƙanena da ke noma a bayan gari ya shigo mini da kwali a hammata, ransa a ɓace. Oba-oba ya saya guda biyu, ɗaya ya bar wa maiɗakinsa, ɗaya ya tafi da ita gona, saboda a wajen sabis ɗin waya sai ya ga dama yake zuwa. A jikin kwalin an rubuta kilomita 30 da manyan baƙaƙe. Gonar kuwa ba ta wuce kilomita 6 ba. Ya ce yana barin unguwa murya ta fara tsinkewa, kafin ya hau kwalta babu abin da ya rage sai shuuu. Ya ce, "Yaya, an cuce ni." Na ce ya zauna ya sha ruwa tukuna, domin rediyon lafiyarta lau. Kwalin ne ya faɗi rabin magana ya haɗiye rabi.

A kan wannan rabin da aka haɗiye nake so mu tattauna yau, don na lura matasa da dama sun fara sha'awar rediyon da ake ji kuma ake mayar da magana. Wasu don hira da abokai, wasu don tafiya da motoci a jere, wasu kuma daɗin murɗa akwati su ji abin da ke yawo a iska ne kawai ya ja su. Sunan ma da muka raɗa mata, oba-oba, daga bakin sojoji da 'yan sanda muka tsince shi, daga kalmar da suke faɗa idan sun gama magana don abokin hira ya san an sakar masa layi. Wannan kalma ta nuna halin abin gaba ɗaya: ka danna, ka faɗi taka, ka saki, ka saurara. Mutum biyu ba sa magana lokaci guda. Ni kam wannan ladabi na daga cikin abin da ya sa nake ƙaunarta.

Bari mu fara da nisan zango, tun da a nan ake tashin mutane tsaye. Ƙananan oba-oba na hannu suna aiki ne a zangon da muryar ke tafiya kusan a miƙe, kamar hasken tocila. Abin da ido zai iya hangowa, shi rediyo ke kaiwa, da ɗan ƙari kaɗan. Duniya kuwa a lanƙwashe take. Mutum yana tsaye da rediyo a hannu a fili fetal, iyakar abin da zai cimma kafin ƙasa ta kare shi kamar kilomita 5 ne. Idan abokinsa ma a tsaye yake, a haɗa biyu, kusan kilomita 10 ke nan, kuma wannan a fagen da babu gini, babu itatuwa, babu tudu. Shigo da su cikin gari, tsakanin katangun bulo da rufin kwano da wayoyin lantarki, kilomita ɗaya zuwa biyu ma an gode Allah. Amma ɗauki wannan rediyo ɗin dai, ka hau tudun da tsayinsa ya kai mita 100, nan take abin da kake hange ya buɗe zuwa kilomita 40. Wanda ya taɓa tsayawa a kan Dala ko Goron Dutse ya dubi Kano, ko ya hau Kufena ya dubi Zariya, ya san abin da nake nufi. To irin wannan gwaji, daga kan dutse zuwa kan dutse, shi masu kamfani ke bugawa a kwali.

Sai mutum ya ce to bari ya sayi mai ƙarfi, mai wat 8 ko wat 10. A nan ma akwai lissafi. Kafin nisa ya ninka sau biyu, sai ka ninka ƙarfin rediyo sau huɗu, wannan ma a sararin da babu abin da ya tare hanya. Idan katanga ce ko tudu ya shiga tsakani, ƙarin wat batir kawai zai sha maka, ya ɗumama maka tafin hannu. Tsayi da eriya su ne jari. Abin da na gaya wa ƙanena ke nan. Washegari maiɗakinsa ta hau saman soro da tata, shi kuma ya tsaya a kan wani jigawa da ke gefen gonar, ya kira, ta amsa tar. Rediyo ɗaya, batir ɗaya.

Irin waɗannan ƙanana da ake sayarwa bibbiyu a kwali, yawanci gida biyu suka fito. Akwai na Turai da ake kira PMR446, masu aiki a megahaz 446, ƙarfinsu rabin wat, tashoshi 16, eriyarsu a manne ba a cirewa. Akwai na Amurka da ake kira FRS, a megahaz 462 da 467, tashoshi 22, ƙarfi har wat 2 a yawancin tashoshin. Kun ga ke nan ba sa jin juna. Wanda ya sayi ɗaya daga cikin kayan Turai ya haɗa da ɗaya daga kayan Amurka, ko ya daidaita su a tasha ta 1 duka, shiru zai ji. Kuma a kula: cewa ba sa bukatar lasisi doka ce ta ƙasashen da aka ƙera su dominsu. Wannan sassauci ba ya biyo rediyo cikin kwantena. Kowace ƙasa da nata rabon zangon, kuma mai faɗa a ji a Najeriya ita ce hukumar sadarwa ta NCC da ma'aikatar sadarwa, a Nijar ARCEP, a Gana NCA. Tambaya ba ta ɓata komai.

Duk da haka, ga mai son hira da iyali, ga masu hidimar biki ko walima, ga ayarin motoci uku huɗu da suka kama hanyar gida da salla, ni waɗannan ƙanana na fi ba da shawara. Ba ka sayen kati, ba ka jiran sabis, yaro ɗan shekara bakwai zai iya sarrafa ta. Abu ɗaya dai zan ja kunne a kai. Za ku ga an rubuta wai suna da lambobin sirri. Babu wani sirri. Abin da lambar ke yi shi ne ta toshe maka kunne daga hirar wasu, ba ta toshe kunnen wasu daga hirarka ba. Duk wanda ya kashe tasa lambar zai ji ku ras. Maganar kuɗi, maganar inda aka ajiye kaya, maganar wace hanya za a bi da dare, kada a faɗe su a oba-oba.

Akwai kuma ta direbobi, wadda ake kira CB, a megahaz 27. Wannan labarinta na Amurka ne. An ware mata wannan zango a 1958, amma ba ta yi tashe ba sai bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da mai ya yi wuya, gwamnati kuma ta ƙayyade gudun mota kada ya wuce mil 55 a awa. Direbobin manyan motoci suka mayar da ita dandalinsu: ina ake samun mai, ina 'yan sanda suka laɓe, ina hanya ta toshe. Tashoshi 23 ne da farko, aka mayar da su 40 a 1977. Tasha ta 19 ta zama ta 'yan hanya, ta 9 kuma aka keɓe ta don neman agaji. Abin sha'awa ne ƙwarai, kuma a shekarun da rana ke kan ganiyar zafin aikinta, cikin zagayenta na shekara 11, muryar CB takan yi tsalle ta faɗa wata nahiya. Sai dai tana da matsala biyu a wajenmu. Ta farko eriya. Ta biyu, wadda ta fi girma, babu jama'a a kanta. Abin da ya raya CB a Amurka dubban direbobi ne da ke kan tasha ɗaya. Ka kafa taka a nan kai kaɗai, ka zama mai shela a kufai.

Tun da na ambaci eriya, bari in ɗan ratse, don akwai wani lissafi mai daɗi da ya shafi kowane mai sauraron rediyo. Mun tashi muna jin ana cewa "a kan mita 49" ko "a kan mita 31", da yawanmu ba mu taɓa tambayar mitar mece ce ba. Tsawon igiyar muryar ce. Ka raba 300 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne mitar. Rediyon Kaduna da iyayenmu suka sani a kilohaz 6090, wato megahaz 6 da ɗoriya, raba 300 da wannan, ga mita 49 ta fito. CB kuwa mita 11 ce. Eriya mai kyau takan ɗauki rubu'in wannan tsawo, don haka ta CB sai ta haura mita biyu da rabi, kamar gorar da ake kakkaɓo mangwaro. A megahaz 145 rabin mita ya isa. A 446 kuwa ba ta kai tsawon taƙi ba, shi ya sa take shiga aljihu.

Wata iri da ta shigo kasuwa a 'yan shekarun nan ita ce mai siffar oba-oba amma da layin waya a cikinta. Ka danna a Sakkwato, a ji ka a Fatakwal, murya garau. Manhajar Zello ma haka take yi a wayar hannu. Ga kamfanin sufuri tana da amfani. Amma gaskiyarta waya ce da ta ari rigar rediyo: data take ci, turken kamfanin waya take bi. A watan Satumban 2021 da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, duk mai irin wannan a yankin ƙarfe kawai ya riƙe a hannu. Wanda ke neman abin da zai yi magana a inda babu sabis, wannan ba tasa ba ce.

Yanzu sai wadda ta fi kowacce jan ido, wadda na tabbata wasunku tana cikin durowarsu yanzu haka: Baofeng, musamman samfurin UV-5R na ƙasar Sin, da ya bazu a duniya tun wajen 2012. Araharta ce ta sa ta cika ko'ina. Tana da allo, tana da madannan lamba, ana cire eriyarta a sa wata, tana kama tashoshin FM, ƙarfinta wat 4 zuwa 5. Ba zan raina ta ba, domin dubban mutane a duniya ta ƙofarta suka shiga wannan sha'awa. Amma ina so a fahimci abin da ake riƙe da shi. Wannan rediyo a buɗe take daga megahaz 136 zuwa 174, sannan daga 400 zuwa sama. A cikin wannan fili akwai zangon 'yan sha'awa, gaskiya ne, amma ɗan yanki ne. Sauran na masu shi ne: jami'an tsaro, 'yan kwana-kwana, kamfanoni, jiragen ruwa. Tashar neman ceto ta teku, megahaz 156.8, tana ciki. Rediyon ba za ta hana ka danna maɓalli a kan kowanne ba. Tashoshin da take zuwa da su daga masana'anta ma na gwaji ne, ba wanda ya ba ka izininsu.

A nan ba doka kaɗai nake ji ba, rai nake ji. Mun san halin da yankinmu ke ciki. Saurayi ya rataya rediyo mai doguwar eriya a ƙugu, ya hau babur, ya iso shingen bincike a hanyar daji, ba takarda, ba shaidar ƙungiya, in aka kunna kuma aka ji muryar jami'ai na fita daga ciki, da wane baki zai yi bayanin cewa sha'awa ce? Ko sauraron kawai ba ko'ina aka halatta shi ba. A Ingila laifi ne ka saurari saƙon da ba don jama'a aka aika shi ba. Don Allah iyaye da yayye, in kun ga irin wannan a hannun yaro, ku zauna da shi. Kada a ƙwace a jefar, sha'awar mai kyau ce. A nuna masa ƙofar da ake shiga.

Ƙofar kuwa akwai ta, kuma ta daɗe. Ita ce rediyon 'yan sha'awa masu lasisi. Haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Paris aka kafa ta a 1925, kuma har yau 18 ga Afrilu ce ranarsu. Mutum yakan koyi ka'idojin lantarki da dokokin iska, ya nemi lasisi, a ba shi lambar kira tasa shi kaɗai a duk duniya. Farkon lambar shi ke faɗin ƙasarka. Ka ji 5N, ɗan Najeriya ne. 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1, kuma talakawa daga ƙasashe daban-daban sun yi hira da shi ta iska. Rajiv Gandhi na Indiya ma haka, da lambar VU2RG. Sharuɗɗan a bayyane suke: ba ciniki, ba ɓoye magana da zaurance, ba sa waƙa, kuma ka riƙa faɗin lambarka. A da sai mutum ya iya bugun waya na Mos kafin a ba shi gajeren zango, amma tun taron rediyo na duniya na 2003 aka bar wa kowace ƙasa zaɓi, ƙasashe da yawa kuma sun yafe.

Da lasisi, wannan Baofeng ɗin ta zama halal a megahaz 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440, wato rabon Afirka da Turai. Da lasisi kuma ake samun abin da ya fi daɗi, gajeren zango. Can sama da ƙasa, ɗaruruwan kilomita, akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa. Muryar gajeren zango takan doke shi ta dawo ƙasa a wuri mai nisa, ta sake tashi. Ta haka ne sashen Hausa na BBC, da ya fara a 1957, yake isowa rugar Fulani daga wata uwa duniya, kuma ta haka ne mutum da rediyo mai wat 100 da waya da ya ɗaure tsakanin darbejiya biyu zai gaisa da wani a Italiya ko Barazil, ba turke, ba kati. Tsada kam akwai ta, kayan gajeren zango ba na kowane aljihu ba ne. Amma akwai wani abu da zai ba ku mamaki: 'yan sha'awa a Turai da Amurka da Japan farautar lambobin ƙasashenmu suke yi, saboda ƙarancin masu magana daga nan. Mai 5U ko TT ya yi kira sau ɗaya, sai ya ji muryoyi sun yi masa caa, kowa na roƙon a amsa masa.

Idan na tuna wannan sai in tuna 'yan zaɓi sonka. Mu fa mutane ne da suka shekara da shekaru suna sayen kati, suna aika wasiƙa gidan rediyo, don kawai a karanta gaisuwarsu ga abokin da ba su taɓa gani ba a Maraɗi ko Kumasi ko Garwa. Har ƙungiyoyi aka kafa, aka yi zumunci, aka halarci bukukuwan juna. Abin da 'yan sha'awar rediyo ke yi ke nan, ba ragi ba ƙari: a yi kira, a gaisa, a faɗi suna da gari da yadda murya ta iso, a yi sallama da lamba 73, wadda ke nufin fatan alheri, sannan a aika wa juna katin shaida. Halin yana cikin jininmu tun tuni. Kayan aikin da takardar ne ba su yaɗu ba, kuma wannan yana damuna.

To, mai farawa fa, da me zai fara? Ni a ganina da kunne. Kafin ka kashe ko sisi a kan abin magana, ka yi wata biyu uku kana sauraro. 'Yar Kchibo ɗin da ke gidan kowa za ta kama maka tashoshin duniya, amma hirar 'yan sha'awa ba za ta fito a cikinta ba, za ka ji kamar agwagi na kuka, domin su da wani salo suke magana da ake kira SSB. Sai ka nemi akwatin da ke da wannan maɓalli, irin Tecsun PL-330 ko PL-660. Da yamma ka murɗa tsakanin megahaz 7 da 7.2, maƙwabtan mita 41, da rana kuma daga 14 zuwa 14.35. Ka ɗaura mata waya mai tsawon mita goma ka jefa kan bishiya. Ka nisanci injin janareto da na'urar sola da cajar waya da ƙananan ƙwayayen fitila na zamani, don su ne ke cika gajeren zango da ƙara. Wanda ke ƙauye ya fi na birni morewa a nan. Da damina kuwa, hadari na haɗuwa ka cire wayar daga jikin rediyo, tsawa ba ta wasa.

Mai kwamfuta yana da wata hanyar. Akwai wata 'yar na'ura kamar filashi, RTL-SDR, da asalinta don kallon talabijin aka yi ta, sai masu bincike suka gano a wajen 2012 cewa tana iya jin komai daga kusan megahaz 24 zuwa sama da 1,700. Ba ta magana, ji kawai take yi, don haka ba za ka taka layin kowa ba. Wanda ma ba shi da ko ɗaya, Jami'ar Twente a ƙasar Holan ta buɗe akwatinta na gajeren zango a intanet, kowa na iya murɗawa daga wayarsa kyauta.

A cikin sauraron ne za ka gane amsar tambayar da na fi so kowa ya yi wa kansa kafin ya zaro kuɗi: wa zan kira? Idan amsar ita ce iyalina da abokaina na unguwa, ƙananan nan bibbiyu sun wadatar, a nemi wuri mai tsayi. Idan amsar ita ce duniya, to a nemi tsofaffin hannu, a Najeriya akwai ƙungiyar 'yan sha'awa ta NARS, a yi karatu, a karɓi lamba.

Sannan ga wani abu da zan bar ku da shi ku gwada. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi a tsayin kusan kilomita 400, tana zagaye duniya cikin minti 90, kuma tana da rediyon 'yan sha'awa a ciki. Wani lokaci 'yan sama jannatin kan yi hira da 'yan makaranta a megahaz 145.800, kuma 'yar ƙaramar rediyon hannu ma tana iya kamawa in tashar ta bi ta samanka, cikin minti goman da take ɗauka kafin ta ɓace, don tsakaninka da ita babu katanga. Akwai kuma tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar, Es'hail-2, da aka harba a watan Nuwamban 2018, wanda 'yan sha'awa ke kira QO-100. Shi a tsaye yake cak a saman tsakiyar Afirka, yana haɗa muryoyi tun daga gabashin Barazil har Tailan, dare da rana. Duk ƙasar Hausa tana ƙarƙashin inuwarsa, kuma faranti irin na talabijin da ke kan rufin gidajenmu ake juyawa a saurare shi. Ƙanena da ya ji wannan ya ce in nemo masa littafin jarrabawar lasisi kafin kaka. Na yi masa alkawari, kuma jibi zan shiga gari neman sa.